Cokali Uku a Abincin Ɓerayen Malama

Na haura shekara ashirin ina sayar da abincin dabbobi a garin Gombe. An cuce ni, na yi asara, na taɓa tsayawa ina kallo ruwan sama yana jiƙa mini masara mota guda, kuma duk waɗannan yanzu labarin dariya ne idan muka zauna da abokai. Amma akwai abu ɗaya da na san har in koma ga Mahaliccina ba zai bar raina ba. Ba a kan shanu ya faru ba, ba a kan kaji ba. A kan ɓeraye ne.

Da mudun dusa na fara, a bakin hanya a unguwar Jekadafari, ina auna wa mata masu kiwon tumaki. A hankali na kama shago, na sayi injin niƙa, daga baya na ƙara da injin da ke fitar da abincin kifi ƙwaya-ƙwaya. Karatun bokona bai wuce firamare ba. Sai dai in na tura hannu cikin buhu, kafin in zaro shi na san ko hatsin na bana ne ko na bara, na san ko ya bushe ko an yi gaggawar ɗure shi. Na faɗi wannan ne don a gane irin mutumin da nake a lokacin: mutum ne da ya saba in ya ce abu kaza ne, to kaza ɗin ne.

Wata Asabar bayan kaka wata mata ta shigo shagona da littafi a hannu. Na san ta sama-sama. 'Yar kudancin jihar nan ce, mahaifiyarta ta daɗe tana sayen abincin kaji a wurina daga unguwar Kumbiya-Kumbiya. Ita kuma tana koyarwa a jami'a, an ba ta hutun shekara biyu ta yi digiri na uku, kuma ƙarin girmanta a wurin aiki a kan wannan digirin ya rataya. Malama nake kiran ta, ita kuma ta ce mini Alhaji.

Bayan mun gaisa ta ce, "Alhaji, abinci nake so ka riƙa haɗa mini, na kamar shekara ɗaya da 'yan watanni."

Na ce, "Kaji nawa?"

Ta ce, "Ba kaji ba ne. Ɓeraye."

Maƙwabcin shagona, wani mai sayar da wake da muka shekara goma muna cin abincin rana tare, yana zaune a bencina. Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Malama, ki zo sitona ki kwashe kyauta, ni zan ba ki buhun da za ki zuba su. Nawa ma sun fi ƙiba."

Ita ma ta yi dariya, ta ce nata ba irin na sito ba ne, farare ne ƙanana da ake haifa a ɗakin gwaje-gwaje, daga nesa za a kawo mata su. Sannan ta ja kujera, ta ɗebi gero daga mudun da ke kan teburina ta zuba a kan katakon, ta fara yi mini bayani da shi.

Ta ce a cikin hanjin mutum da na dabba akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, iri-iri, masu yawan gaske, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, aiki suke yi mana. Abincinsu shi ne abin da muke surfewa mu zubar: dusa, ɓawon wake, da irin su. Jariri ba ya zuwa duniya da su, a wurin uwarsa yake samu. Ta ce kakarta da tuwon dawa ta rayu, mahaifiyarta rabi da rabi, ita shinkafa da burodi, 'ya'yanta kuwa in ba taliyar leda ba sai a yi rigima. Abin da take so ta sani shi ne, idan uwa ta rasa wasu daga cikin halittun nan saboda abin da take ci, me za ta miƙa wa 'yarta? Ita 'yar kuma me za ta miƙa wa tata? A mutum sai ka jira shekara tamanin kafin ka ga haka. A ɓera, cikin shekara guda ka ga iyaye, ka ga 'ya'ya, ka ga jikoki, ka ga tattaɓa-kunne.

Ta raba geron nan gida biyu. Ta ce wannan ɓangaren zai ci abincin dusa: gero da dusarsa, wake da ɓawonsa. Wancan zai ci farin abinci: surfaffen gero da fulawa. Garin kifi da mai da gishiri kuwa daidai wa daida. Matan da za ta fara da su 'yan uwa ɗaya ne, za ta raba kowace da 'yar'uwarta, ɗaya nan ɗaya can, don kada wani ya ce bambancin na jini ne. Wadda za ta je nan da wadda za ta je can kuma ba ita za ta zaɓa ba, ƙuri'a za ta jefa, don ta san idonta zai kai masu kuzari ɓangaren da take so ya yi kyau.

Maƙwabcina ya ce, "Ɓera ma sai an yi masa ƙuri'a? To saura kamfe."

Ba ta kula shi ba. Ta ce akwai kuma wani hali nasu, ɓeraye suna cin kashin junansu, saboda haka duk waɗanda ke keji ɗaya abin cikinsu ya zama ɗaya. Goma a keji ɗaya a wurinta ɓera ɗaya ne. Keji take ƙirgawa, shi ya sa take buƙatar keji da yawa. Duk mako za ta tsinci kashinsu ta sa a 'yan kwalabe ta ajiye a firiza, ba za ta auna komai ba sai an gama, ta aika duka gaba ɗaya inda ke da na'urar, a auna su a lokaci ɗaya. A ƙarshe kuma tattaɓa-kunnen masu farin abinci za ta mayar da su kan dusa, ta ga ko abin da ya ɓace zai dawo.

Sai ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce, "Alhaji, bambanci ɗaya tak nake so a tsakaninsu, dusa. Ɗaki ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya. In aka samu bambanci na biyu, ban san wanne ya yi aikin ba."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji. Ba zan ce ba a gaya mini ba.

Na tambaye ta inda za ta samu geron. Ta ce wata-wata za ta riƙa sayowa a kasuwa. A nan na ga ilimi ya ƙare, sana'a ta fara. Na ce, "Malama, ashe kin riga kin samu bambanci goma. Geron wajen Dukku daban, na wajen Kumo daban. Na watan gobe ba na yau ba ne. Kuma da zarar zafi ya shigo, duk buhun da kika gani a kasuwa an sa masa maganin ƙwari, ko mai shi ya rantse." Na ba ta shawara mu sayi na manomi ɗaya, na gona ɗaya, yanzu da kaka, mu zuba a durom mu toshe bakinsa yadda iska ba za ta shiga ba, ba sai an sa magani ba. Ta dube ni, ta buɗe littafinta ta rubuta. Ta ce farfesan da ke duba aikinta ma bai kawo wannan ba.

Yanzu da nake tunawa, daga wannan maganar tata matsalar ta faro. Na koma gida Bagadaza ran nan ina jin kaina ba mai sayar da dusa ba, abokin aikin masu bincike. Mutum irina in aka yaba masa sau ɗaya a inda bai saba ba, sai ya ɗauka duk ɗakunan gidan ya sani.

Aiki ya kankama. Duk bayan mako biyu da kaina nake wanke injin, in auna kayan bisa takardar da ta ba ni, in niƙa, in fitar da ƙwayar, in shanya, in ɗure a buhu biyu. Ban taɓa barin wani ya taɓa ba. Maƙwabcina ya laƙaba mini Sarkin Ɓeraye, sunan ya bi layinmu, har masu dako suna gaishe ni da shi. Malama kan zo ranar Asabar ta ɗauka. Wani lokaci ta nuna mini hotuna a waya, jarirai jajaye kamar ƙwayar gyaɗa. Na kuma ga yadda aikin ke cin ta. In wuta ta ɗauke kwana biyu, ita ke yawon neman ƙanƙara don kada kwalaben nan su narke. Ba Kirsimeti, ba biki, ba zuwa gida ganin dangi, don ɓera bai san hutu ba. Iyaye suka haifi 'ya'ya, 'ya'ya suka girma suka haifi jikoki, damina ta sauka.

Cikin watan Agusta ta shigo wata Asabar, ta zauna ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce jikokin ɓangaren farin abinci ba su da lafiya, kashinsu ya yi ruwa, uku sun mutu a mako ɗaya. In ta rasa keji biyu nan gaba, abin da ya rage ba zai isa a yanke hukunci da shi ba, aikin ya rushe. Sai ta ce, "Alhaji, ko dai abincin bai bushe sosai ba? Ka ga yanayin."

Cikin ladabi ta faɗa, amma ta sosa mini inda ba na so. Na ce abincina a bushe yake, ta karya ƙwaya ɗaya ta ji ƙararta. Ta karya, ta gyaɗa kai, ta ce za ta dawo ranar Litinin ta ɗauki sabon.

Dole in yi bayanin wani abu na sana'armu. Da damina kaji suna yawan gudawa. Akwai wani garin magani mai ruwan ɗorawa da ke zuwa a gwangwani, kowane mai haɗa abincin kaji yana da shi a kan kanta. Idan Agusta ta kama, mukan barbaɗa kaɗan a abincin mai kaji ko bai ce a sa ba. Gyara ce, kamar yadda mai awo ke ƙara maka ɗan hannu bayan mudu ya cika. Ba ma karɓar komai a kai, kuma ba ma faɗa, don wanda ya yi gyara ya tsaya yana sanarwa, gori ya yi. Kajin mutum su wuce damina lafiya, shi kuma ya ce abincin Alhaji yana da albarka. Da haka muke riƙe masu saye.

Ran nan ina haɗa farin abincin, gwangwanin yana gabana. Ban yi wani dogon tunani ba. Dabba tana gudawa, ga maganin gudawa, ga mace tana neman rasa wahalarta, ga kuma sunana da za a ce abincina ne ya kashe su. Maganar halittun ciki na tuna da ita, amma ni a sanina magani cuta yake kashewa, me ya haɗa shi da masu amfani? Na zuba cokali uku a farin abincin. Na dusa ban sa ba, tunda su lafiyarsu ƙalau. Bayan mako biyu na sake zuba uku.

Mutuwa ta tsaya. Malama ta zo da fara'arta ta ce, "Alhaji, Allah ya taimake mu, sun warware da kansu." Na ce, "Ai haka ake so." Na bi ta da kallo har ta hau babur, ina jin daɗin da mutum ke ji in ya yi alheri ba wanda ya sani.

Jikoki suka haifi tattaɓa-kunne, aka mayar da su kan dusa, aka gama. Ta aika kwalabenta, muka daina haɗuwa. Ni har na manta da cokulan nan, don a wata guda nakan yi irinsu sau ɗari.

Sai cikin zafin bazara, da hantsi, ta shigo da kwalbar zuma daga garinsu ta dire mini a tebur. Ban taɓa ganin ta haka ba, kamar an cire mata shekara goma. Ta ce sakamako ya dawo. Ta shimfiɗa wata takarda mai layuka biyu. Layin masu dusa a miƙe yake daga farko har ƙarshe. Na masu farin abinci yana sauka kaɗan a kan iyaye, kaɗan a kan 'ya'ya, da ya zo kan jikoki sai ya faɗa ƙasa kamar an jefa guga a rijiya. A kan tattaɓa-kunne kuma, duk da dusar da aka mayar musu, bai taso ba. Ta ce abin da ta yi zato ne, amma ya ninka zatonta. Nan da mako shida za ta kare aikinta a gaban malamai, an kuma ce ta shirya zuwa wani taro ta gabatar.

Ta ce, "Farfesa har cewa ya yi, da bai san ni ba da ya rantse magani na ba su."

Na ce, "Wane irin magani?"

Ta ce, "Irin na kashe ƙwayoyin cuta mana. Shi ai ba ya zaɓe. Mai cutarwa da mai amfani duk tare yake sharewa."

Na sa yatsa a inda layin ya faɗi na ce, "Nan wane wata ne?"

Ta leƙa ta ce, "Ƙarshen Agusta."

Na yi mata murna, na yi godiyar zuma, na raka ta bakin ƙofa. Da na dawo na zauna ina kallon gwangwanin nan a kan kanta.

Da azahar maƙwabcina ya shigo da kwanon abinci, ya ga ban sa hannu ba. Na gaya masa komai. Ya gama taunarsa tukuna, sannan ya ce, "Wa ya gan ka?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To Sarkin Ɓeraye, bari in ƙirga maka. Ita tana murna. Farfesanta yana murna. Ɓerayen sun riga mu gidan gaskiya, ba za su kai ƙara ba. In ka je ka faɗa, wa ka taimaka? Za ka kashe wa baiwar Allah shekara biyu don kai zuciyarka ta yi sanyi. Wannan ba gaskiya ba ce, son kai ne da rawani. Kuma ka sani ma ko ba maganin ba ne? Wataƙila da ma haka layin zai faɗi."

Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Kwana huɗu ina juya ta. Ina auna wa mutane dusa ina mantawa da mudu nawa na zuba. Na gwada kowace hanya da za ta ba ni damar yin shiru, kuma ni gwani ne wajen nemo hanya. Amma duk inda na bi sai in dawo wuri ɗaya. Na taɓa sayen buhunan masara da aka zuba wa yashi a ƙasa. Wanda ya sayar mini ba shi ya zuba ba, shi ma haka ya saya, amma har yau shi nake kira mai yashi, wanda ya zuba ɗin ban ko san shi ba. Malama za ta ɗauki wannan kaya ta kai gaban duniya da sunanta a jiki. Wata rana wani zai maimaita aikin a wani gari bai ga rijiyar nan ba, ya zo yana tambayar ta, ita kuma ba ta da amsa, don amsar tana kan kantata. Maganar ko ba maganin ba ne kuwa, ita da kanta ta ba da amsarta tun ranar farko. In bambanci ya zama biyu, ba wanda ya san wanne ya yi aikin.

Ranar Asabar da safe na sa gwangwanin a leda na tafi gidan mahaifiyarta, inda take zaune. Na same ta a baranda da takardu a cinya, tana shirin abin da za ta faɗa a gaban malamai. Ta ce, "A'a, Alhaji da kansa? Mama, ga Alhaji." Na gaisa da tsohuwar, ta koma ciki. Na ciro gwangwanin na ajiye a kan takardunta. Na ce, "Malama, na sa wannan a farin abinci cikin Agusta."

Ta ɗauka ta karanta jikinsa. Ta juya ta karanta bayansa. Ina jin kajin tsohuwar suna ta ƙara a bayan gida.

Ta ce, "Cokali nawa?"

"Uku."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Na dusa fa?"

"Ban sa ba."

Ta jawo biro ta rubuta duk wannan a gefen takarda. Sannan ta ce, "Alhaji, na ce maka bambanci ɗaya."

Na ce, "Kin faɗa."

"Me ya hana ka tambaye ni? Kira ɗaya ne fa a waya."

Na ce, "Na ɗauka na sani."

Na so ta yi ihu, ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta tattara takardun nan ta kife su. Ta ce, "Ka tafi, Alhaji. Ka girme ni, ba na so in faɗi abin da gobe zan zo ina ba ka haƙuri a kansa."

A hanyar komawa wani tunani ya zo mini: yanzu mu biyu muka sani, ita ma tana iya yin shiru, kuma da ta yi ba zan ga laifinta ba. Ni kwana huɗu na yi ina kokawa. Ita ranar Litinin da safe ta kai wa farfesanta gwangwanin. Aka soke ranar kare aikin, aka soke taron. Abin da ya rage mata mai tsabta iyaye ne da 'ya'ya, kuma wannan bai isa digiri ba, tunda tambayarta a kan jikoki take. Hutunta ya ƙare, ta koma aji. Ƙarin girman da take jira aka ba wani da ya zo bayanta. Duk wannan a bakin mahaifiyarta na ji, wadda ta ci gaba da sayen abincin kajinta a wurina amma ta daina zama mu yi hira.

Wata bakwai ban ga Malama ba. Sai da aka yi sabuwar kaka, wata Asabar, na ɗago kai na gan ta tsaye da littafinta. Ta rame. Ta ce geron da ya rage a durom ba zai kai ba, sai an sayi sabo, gona ɗaya kamar wancan karon. Ta miƙo mini takardar sharuɗɗa. Duk ranar haɗi tana nan a tsaye. Daga kowane haɗi za ta ɗebi rabin mudu ta ajiye a firiza, don in wani abu ya taso a iya komawa a duba. Ba abin da zai shiga injin in ba ya cikin takarda. Ta ƙara yawan keji, don ko wasu sun mutu aikin ya tsaya da ƙafarsa. In kuma ciwo ya zo, ita za ta yanke abin da za a yi, a rubuta, a yi wa ɓangarorin biyu iri ɗaya. Ta ce rashin ajiye abincin laifinta ne, da ta yi haka tun farko da an gano ba sai na kawo kaina ba.

Na ce, "Malama, masu injin suna da yawa a garin nan. Me ya dawo da ke wurina?"

Ta ce, "Duk wanda na je wurinsa, in Agusta ta zo zai yi abin da ka yi. Kai ka riga ka yi naka."

Haka muka sake shekara ɗaya da watanni. Ta zo ta zauna a bencina da takardun ɗalibai tana dubawa, injin yana ruri, wani lokaci in waiga in ga barci ya ɗauke ta a zaune. Ba ta ƙara nuna mini hoto ba, ni ma ban nema ba. Maƙwabcina ya daina tsokana in tana nan. Da damina ta zo jikoki suka sake yin gudawa, biyu suka mutu, ta rubuta, muka ci gaba.

Da sakamako na biyu ya fito ta biyo ta nuna mini a tsaye. Layin masu farin abinci yana sauka a hankali daga iyaye har jikoki, ba wata faɗuwa. Da aka mayar da dusa wani abu ya dawo, wani bai dawo ba. Ba wanda ya gayyace ta taro a kansa. Ta ce, "Ƙarami ne. Amma duk wanda ya tambaye ni, zan iya tsayawa a kai." Ta samu digirinta, shekara biyu bayan lokacin da ya kamata.

Mutane sukan ce mini na yi jarumta da na faɗi gaskiya. Ba na karɓar wannan yabon. Ni na faɗa, amma ita ta biya. Abin da na koya ya fi haka sauƙi, kuma ya fi ciwo. Wanda bai san komai ba yakan ji tsoro ya yi tambaya. Mai ɓarna shi ne irina, wanda ya ƙware a nasa fannin, zuciyarsa kuma fari ƙal, ya miƙa hannu cikin aikin wani don ya taimaka. Kyakkyawar niyya ba ta rage ko ƙwaya ɗaya daga ɓarnar da na yi ba. Tun daga lokacin, in aka ba ni amanar aiki aka ce ga iyakarsa, a nan nake tsayawa, in na ga abin da nake ganin gyara ne sai in buɗe baki in tambayi mai shi. Buhu in na lalata ina da wani a sito da zan musanya. Shekara biyu na rayuwar mutum ba ni da su a shago da zan mayar mata.